Dashen da Zai Ga Damina ta Biyu: Shawarwari ga Masu Tsakar Gida a Njamena

Da zarar ruwan farko ya sauka a Njamena sai ledojin dashe su cika bakin titi: mangwaro, lemo, gwaba, darbejiya, ganye shar kamar an wanke. A saya da murna, a dasa da bismilla. To ka koma waɗannan gidajen a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ƙirga nawa suka rage. Ni kaina sai da na binne mangwaro uku kafin na huɗu ya kama, kuma duka ukun laifina ne.

Garin nan ruwansa na shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kusan dukkansa cikin wata huɗu yake zuba, mafi yawa a Agusta. Wato dashe zai sha ruwa har ya nemi shaƙewa, sannan ya yi wata bakwai ko takwas bai ga ɗigo daga sama ba. Duk abin da ke ƙasa dabarar tsallake waɗannan biyun ne.

1. Gwada ƙasar gidanka kafin ka taka wurin masu dashe. Njamena a kan shimfiɗaɗɗen fili take, inda kogunan Shari da Logon suka haɗu, kuma unguwanni da yawa baƙar laka ce, irin wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan damina. Da rani ta tsage har hannu ya shiga, da damina ta riƙe ruwa kamar kwano. Haƙa rami mai zurfin gwiwa da yamma, ka cika shi da ruwa, ka je ka kwanta. In gari ya waye ruwan ya tsotse, ka yi sa'a. In ka tarar da shi kwance yana kallonka, to gwanda da lemo sai dai a kan tudu, gwaba kuwa ta fi su haƙuri. Mutanen unguwannin Walia da Tukra ba sa buƙatar a ba su labarin ambaliyar Oktoban 2022, ga ta 2024 ta biyo baya. Mai gida a irin waɗannan wurare ya dubi shaidar da ruwa ya bari a jikin katanga, ita ce za ta gaya masa inda zai dasa da inda zai haƙura.

2. A zauna a yanke shawara: inuwa ake so, ko 'ya'ya, ko miya? Maigida yana hango tabarma da shayi a ƙarƙashin inuwa, uwargida tana hango zogale da lemun tsami kusa da madafa, yara mangwaro kawai suka sani. Tsakar gida ɗaya ba za ta ɗauki kowa ba.

In inuwa ce da gaggawa, darbejiya ba ta da abokin gasa. Asalinta daga Indiya ne, amma ta zama 'yar gari, ba ta tsoron fari, kuma a bazara, sa'ad da ake neman inuwa ido rufe, tana nan da ganyenta. Aibinta saiwa da shara. Maɗaci ya fi ta kwarjini, sai dai na babban fili ne. Tsamiya kuwa jikoki ake dasa wa. Aduwa da magarya ba sa neman komai a wurinka, ƙayarsu ce kawai ba ta jituwa da ƙafar yaro. Akwai ma magarya mai aure, mai manyan 'ya'ya, in ka same ta kar ka bari. Bishiyar turare ban ba da shawararta a cikin gida ba: tana shanye damshin wuri, inuwarta kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Dabino yana ruɗin mutane saboda na Faya da ake sayarwa a kasuwa. Wanda aka shuka daga ƙwallo ba ka san mace ne ko namiji ba sai bayan shekaru, sannan dabinon Faya da busasshiyar iskar hamada ya saba. In har kana so, nemi ɗan da aka ɓamɓaro daga gindin uwa wadda aka san tana haihuwa.

3. Ƙaramin dashe ya fi babba. Nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Ido yana tafiya ga dogon da ya kai kafaɗa, alhali ledarsa ba ta fi gwangwanin madara ba. Irin wannan ya daɗe a ɗaure: ko dai saiwarsa ta nannaɗe a ciki kamar gammo, ko ta huda leda ta shige ƙasa, a tsinke ta ranar da za a ba ka. Mangwarona na farko haka ya zo. Na ɗaga ledar na ji ta ƙi tasowa, mai dashen ya sa ƙarfi ya fizge, ya ce, "Alhaji, ai wannan gobe-gobe zai yi 'ya'ya." Mako uku ya yi a gidana.

Nemi wanda tsawonsa ke tsakanin gwiwa da ƙugu, karansa ya yi kaurin ɗan yatsa, kansa yana tofo. Ɗaga ledar ka duba gindinta. Juya ganyen ka ga bayansa, in akwai farin abu kamar auduga ko baƙin maƙo, ajiye shi, kar ka kai wa sauran shukokinka baƙo.

4. A mangwaro da lemo, nemi mai aure, ka kuma ga tabon auren da idonka. Wurin da aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin na gida yana nan a jikin kara, ɗan kumburi ko karkace, wani lokaci da sauran ledar da aka naɗe shi da ita. Mai aure yakan fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, kuma abin da aka ce maka shi zai haifa. Na ƙwallo yana iya cin shekara shida zuwa takwas, ƙarshe ya ba ka mai zare. Mai aure ya fi tsada, gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Tambayi sunan irin: Kent ne, ko Keitt, ko Amélie? Wanda ya reni dashensa da hannunsa ba ya inda-inda wajen amsa.

5. Hanyar gida ma tana kisa. In a kan kilando, wato babur ɗin haya, za ka ɗauko, naɗe ganyen da jiƙaƙƙen buhu, don iskar gudu tana ƙona tofo. A leda ake riƙe dashe, ba a wuya ba. In ka iso, ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku kana yayyafa masa ruwa kafin ya shiga rami.

6. Auna nisa da idon shekara goma. Abin da ke hannunka yau kamar tsinke, gobe shi ne zai ɗaga daɓen siminti. Mangwaro da darbejiya a ba su aƙalla mita biyar zuwa shida daga ɗaki, da katanga, da ramin masai. Saiwa tana bin damshi, kuma ba abin da take so irin shadda mai yoyo. Lemo da gwaba mita uku ya ishe su. Ɗaga kai ka duba wayar lantarki. Ka kuma lura da inda rana ke faɗuwa, domin bishiyar da ke yamma da ɗaki ita ce ke tare zafin la'asar, wanda ke sa bango ya yi ta huci har tsakar dare.

Kar ka ce in ta dame ka sai ka sare. Tun hanin gawayi da sarar ɗanyen itace da gwamnati ta kafa a ƙarshen 2008, wanda matan garin nan ba su manta wahalarsa ba, sare babbar bishiya ya zama abin da sai ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Maƙwabci ma yana da haƙƙi: reshen da zai tsallaka katanga ya cika masa indararo da ganye, gara a yi maganarsa tun ana dariya.

7. Lokacin dasawa: ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, bayan an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, ƙasa ta jiƙu sosai. Yayyafin Mayu yaudara ne. Wanda kuma ya bari sai Satumba ya ba dashensa 'yan makonni ne kawai kafin sama ta rufe. Da yamma ake dasawa.

8. Ramin. Faɗi santimita 60, zurfi 60, a haƙa shi mako biyu kafin ranar. Ƙasar sama a gefe guda, ta ƙasa a wani gefen. Ta saman ce za a cuɗa da taki a mayar. Takin kuma ya zama tsoho wanda ya ruɓe ya huce, ya koma kamar baƙar ƙasa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara.

Ga kuskuren da ya ci mini mangwaro na biyu. Na ga lakar gidana ta yi tauri, sai na kwashe ta duka na cika ramin da yashi da taki, ina ganin na yi gwaninta. Ashe tukunya na gina. Ruwan Agusta ya taru a ciki ya rasa mafita, ganye ya yi rawaya, na tono na tarar da saiwa ta yi baƙi tana wari. A ƙasa mai laka, cuɗa yashin da takin da ita lakar wurin, ka farfasa bangon ramin da bakin diga don kar ya yi santsi, sannan ka tara tudu mai tsawon taƙi ɗaya ko fiye ka dasa a kansa. Yanka ledar da reza ka zare ta a hankali, ƙasar da ke jikin saiwa kar ta warwatse. Iyakar inda ƙasa ta tsaya masa a leda, nan za ta tsaya masa a rami. Tabon aure kuwa ya zauna a sarari, in aka binne shi an ɓata auren. Danna ƙasa da tafin hannu, ka ba shi bokiti guda nan take ko da hadari ya haɗu.

9. Shinge a ranar, ba gobe ba. Akuya ba ta san ka biya kuɗi ba. Ragar ƙarfe, ko bulo da aka jera da tazara don iska ta ratsa, ko ƙayar magarya, duk suna yi. A kuma gaya wa yara da babbar murya cewa ba a ɗaure ragon layya a jikin dashe.

10. Ban ruwan rani shi ne aikin gaba ɗaya. A 2008 aka fara dasa zoben itatuwa a kewayen birnin nan, ta wajen Gawi, kuma duk damina ana bikin makon itace na ƙasa. Dasawa rana ɗaya ce, har da masu ɗaukar hoto. Abin da ba a ɗauka a hoto shi ne mai jarka a watan Maris. A gida ma haka ne: tun kafin a saya a san wane ne mai ban ruwa, da wanda zai karɓe shi in ya yi tafiya, ko in azumi ya faɗo cikin zafi kowa ya yi laushi.

Daga Oktoba, jarka mai lita 20 sau biyu a mako ta ishi dashe ɗaya a ƙasa mai laka. Mai yashi tana son ƙari. Daga Maris zuwa saukar ruwa, kwana ɗaya tsakani. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ɗan yayyafi kullum, don yayyafi a sama yake tsayar da saiwa, rana ta gasa ta. Yi masa kwari kewaye da tudun, ka zuba a nan da asuba ko bayan la'asar.

Dabarar da ta cece ni tulu ce. Matan Gawi sun shahara da ginin tukwane tun kaka da kakanni, kuma tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba yana tsatsafar da ruwa a hankali. Binne shi har wuya, kamu ɗaya daga gindin dashen, ka cika, ka rufe bakinsa da tsohon faranti saboda sauro. Ruwan yana tafiya kai tsaye wurin saiwa, rana ba ta samun rabonta. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk a juye a nan gindin. Ruwan omo da na bilic kuwa a bi da su rariya.

11. Gara. Rufe gindin da busasshiyar ciyawa yana riƙe damshi, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da karan, in ba haka ba ka shimfiɗa wa gara tabarma. Duk mako ka duba. In ka ga ta fara ɗora ginin ƙasa a jikin kara, kankare shi, ka barbaɗa toka kewaye. Dashen da ƙishi ya galabaitar ta fi kamawa. Mangwarona na uku ita ta ƙarasa shi, amma ni na fara, da tafiyar kwana goma sha biyu a Afrilu ba tare da na bar wa kowa amana ba.

12. Ɗan haya ma yana iya dasawa, in ya nemi yardar mai gidan. Zogale da gwanda ne nasa. Zogale cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa, a riƙa datse kansa don ya yi rassa kar ya tafi sama. Gwanda a dasa uku ko huɗu, saboda wasu za su fito maza, a cire su a bar ɗaya.

13. Furen farko a tsinke shi. Mangwaro mai aure yakan yi fure tun yana ɗan ƙarami, a cikin hunturu, kuma in aka bar shi ya ɗauki 'ya'ya, ƙarfin da zai sa a saiwa da rassa can zai tafi. Haka duk tofon da ya fito ƙasa da tabon aure, na gindin ne, a cire shi tun yana ɗanye. Ranar da na sa hannu na tsinke furen na huɗun, uwargida tana tsaye da tsintsiya, ta ce, "Malam, shekara nawa muna jira, yau ya yi fure ka cire?" Na ce ta ba ni shekara biyu. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki butar alwala ta juye sauran ruwan a cikin tulun.