Daidaita Haske Wajen Ɗaukar Hoton Gine-ginen Kasuwar Jalingo

Wani kuskure da masu ɗaukar hoton gine-gine a Kasuwar Jalingo kan yi shi ne sakar wa kyamara ragamar auna haske da tsakar rana, lokacin da kwanon rufi yake ƙyalli, ƙarƙashin rumfuna kuma ya yi duhu, sai rufin ya fito fari fat, ƙofofin shaguna kuwa baƙi ƙirin. Wurin da haske ya ƙone ba ya dawowa ko an gyara hoton a kwamfuta, don haka ya kamata a auna haske daga inda ya fi ƙyalli.

ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take karɓar haske, a bar shi a 100 domin hoton ya fito ba dishi-dishi. Ƙofar haske, wato ramin da haske yake bi ya shiga kyamara, a tsayar da ita a f/11, saboda tulin kayan da ke gaba da ginin da ke baya su fito tar gaba ɗaya. Idan rana ta take, saurin buɗewa da rufewar kyamara na 1/200 na daƙiƙa ya dace da wannan.

A lokacin hunturu, farin hazo yana ruɗar kyamara ta dusashe gini, sai a ƙara haske da mataki guda. Inda inuwa ta yi tsanani, a ɗauki hoto uku masu bambancin haske, a zaɓi mafi kyau.

Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana dacewa. Kafin a saita kyamara a gaban shago, a nemi izinin mai shi.