Bagaruwa da Raunin Masunta da Manoman Fadama

Masuntan Argungu da manoman shinkafa na fadamar Rima ba sa rabuwa da yanka, ko na ƙayar kifi ko na lauje, kuma tun kaka da kakanni ruwan 'ya'yan bagaruwa suke wanke shi da shi. Wannan al'ada tana da tushe, domin kwanson bagaruwa cike yake da tanin, wato sinadarin nan mai bauri da majema ke jeme fata da shi, wanda kan tsuke naman rauni, ya rage tsatsafar jini da kumburi, ya kuma dakushe wasu ƙwayoyin cuta.

Sai dai amfaninsa a rauni marar zurfi ya tsaya. Wajibi ne a fara wanke wurin da sabulu da tafasasshen ruwa da ya huce, sannan a dafa kwanson, a tace da tsaftataccen ƙyalle, a wanke raunin da ruwan in ya huce, kada a barbaɗa gari ko toka. Raunin da ya yi zurfi, ko ya tara mugunya, ko ya zo da zazzaɓi, musamman ga mai ciwon sukari, na asibiti ne, kamar Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, domin bagaruwa ba ta hana cutar sarƙewar haƙora, allurar rigakafi ce ke hana ta.