Darasi: Yadda Ake Yanke Aksul Na Tarakta Ba A Yi Hasara Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ƙarfe ne da yake yawan biyowa ta hannunmu, amma kaɗan ne a cikinmu suka san halinsa. Ƙarfen nan kuwa shi ne aksul na tarakta, watau sandar nan mai kauri da take juya ƙafar baya ta motar noma. Wanda ya san kansa yana cin riba da shi. Wanda bai sani ba yakan sayi mai kyau ya mai da shi gwangwan da hannunsa.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar, wani ciniki ne da aka yi a gabanmu. Wani mai ƙera amalanken shanu ya shigo birni daga ƙauye, dillali ya kai shi ya sayi aksul guda biyu, aka yi sallama, aka biya la'ada. Nan take aka kira mai walda ya yanke su da wutar gas daidai kan awon da mai saye ya faɗa, ba a bar ko rabin inci ba. Da aka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe don ya fitar da wurin noti, sai bakin injin ya ƙi kamawa, domin wurin da wuta ta ci ya yi tauri kamar dutse. Dole aka sake datse bakin, aksul ya gaza tsawo. Mai saye bai koma wurin mai walda ba, wurin dillali ya komo. Ai dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. La'ada ta koma, aka kuma rasa abokin ciniki na shekara da shekaru.

Daga Ina Ƙarfen Nan Yake Fitowa?

Kano dai garin ƙarfe ne tun asali. Tarihi ya nuna maƙera ne suka fara zama a gindin Dala saboda tamar da suke samu a wurin, kuma tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi ake cinikin kayan ƙira a cikinta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai ƙarfen Turawa ya yawaita, maƙera suka bar wahalar narka tama, suka koma kan tsohon kwangiri da ɓaraguzan mota.

Tarakta kuwa ta yawaita ne bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a wajen Kadawa da Kura. Sai ga shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin soja a 1976, sa'an nan na Shugaba Shehu Shagari a 1980. A farkon shekarun 1980 har harhaɗa taraktocin Fiat ake yi a kamfanin NTM a nan Kano, na Steyr kuma a Bauci, ban da Massey Ferguson da ake shigowa da su. Da yawa daga cikin motocin nan sun mutu tuntuni, amma ƙarfensu bai mutu ba. Shi ne 'yan gwangwan suke farfasawa, yana shigowa Kasuwar Ƙofar Ruwa da sauran wuraren sayar da ƙarfe. Da shi ake yin gindin amalanke, da sandar injin niƙa, da kan guduma, da dagi, da kurfi, har da ƙaramar uwar maƙera.

Halin Ƙarfen

To, mene ne ya sa zarto ba ya cin sa? Ku lura, aksul ba irin rodin gini ba ne. A masana'anta, bayan an sassaƙa shi, akan gasa bayansa da wutar lantarki cikin ɗan lokaci kaɗan, kana a watsa masa ruwa nan da nan. Sai fatarsa ta yi tauri ƙwarai, cikinsa kuwa ya zauna da danƙo. An yi haka ne don fatar ta jure murɗa da gogayya, cikin kuma ya hana shi karyewa farat ɗaya. Kamar rake ne, ɓawo da tauri, ciki da sauƙi. Kaurin fatar nan yakan kai kwatan inci, ko ƙasa da haka, ko sama da haka kaɗan, gwargwadon girman aksul. Amma fa akwai wanda aka taurara har cikinsa, saboda haka kada a yi rantsuwa a kan ƙarfe sai an gwada.

Gwaji uku ne, kuma ba wanda yake cin kuɗi. Na farko magagari. A goge tsatsa, a goga magagari a jiki. In ya zame yana ƙara bai bar komai ba sai sheƙi, ƙarfen yana nan da taurinsa. In ya ci ya zubo da gari, to, ko dai ƙarfen banza ne, ko kuwa ya taɓa shiga wuta. Na biyu amo. A rataye shi da igiya a buga masa guduma. Lafiyayye yana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa amonsa a dushe yake. Na uku kananzir da alli. A wanke shi, a shafa kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge tas, sa'an nan a shafa garin alli. In akwai tsagar da ido ba ya gani, kananzir zai fito ta cikinta ya zana layi a kan allin. A fi dubawa a gindin farantin da ake ɗaura ƙafa, da wurin haƙoran da suke shiga cikin giya, don a nan ya fi tsagewa. In an ga haƙoran sun karkace, ƙarfen ya sha murɗa, a rage masa kuɗi.

Har ila yau a bambanta aksul da gidansa. Gidan, watau kwanson da aksul yake ciki, yawanci ƙarfen zubi ne. Ba ya ƙeruwa, wutar gas ba ta yanka shi da kyau, fashewa yake yi. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kada a yarda a haɗa su a sikeli ɗaya.

Hanya Ta Farko: Injin Gurza

Wannan ita ce ta fi dacewa in ana so ƙarfen ya zauna da ƙarfinsa. Faifan yanka ba shi da haƙori balle ya zube, cin ƙarfe yake yi da yashin da ke jikinsa, don haka tauri bai dame shi ba. A sa siririn faifai na yanka, ban da mai kauri na gurza. A zana layi da alli a kewaye aksul, a ɗaure shi ya zauna daram, a tokare shi yadda in yanka ya yi nisa bakin zai buɗe, ba ya matse faifai ba. Sai a bi layin a hankali ana juya aksul, ana zurfafawa kaɗan-kaɗan. Faifai mai inci 9 ba ya ratsa aksul mai kaurin inci 3 ta gefe ɗaya, dole sai an juya.

Ga wata dabara ta tsimin faifai. Da zarar an ratsa fatar nan mai tauri ta kowane gefe, a ajiye inji a gwada zarton ƙarfe. In ya kama, sai a ƙarasa da shi. Kada a danna inji da ƙarfi. In aka ga bakin yanka ya yi shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300, taurin wurin ya fara saki, sai a dakata ya huce.

Masu sayar da faifai, ku ma darasin ya shafe ku. Faifai yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, domin ƙaron da ya riƙe shi yana lalacewa. Na kirki akwai wa'adinsa a buge a jikin zoben tsakiya, yawanci shekara 3 daga ƙira. Wanda ya sha damina a rumfa, ko ya tsage, a zubar. Faifai mai inci 9 yana juyawa fiye da sau 6,000 a minti ɗaya, in ya fashe ba ya tambayar sunan kowa. Kada a cire murfin inji, kada a yi aiki ba tabarau, kada kuma a bar tartsatsi ya nufi katifa ko leda ko galan na fetur. Mun san abin da gobara take yi wa kasuwa.

Hanya Ta Biyu: Wutar Gas

Ita ce mafi sauri, kuma ba ta jiran wutar lantarki. Mai walda yana gasa wurin har ya yi ja, wajen digiri 900, sa'an nan ya saki iskar oksijin ta ƙone ƙarfen ta tsaga shi. In za a sayar da ƙarfen ne a kilo don a kai kamfanin narkawa, ko maƙeri zai sake sa shi a wuta, babu laifi, a yanka da gas.

Amma in za a kai wa mai injin sassaƙa, a nan ake yin kuskuren da muka ba da labari. Dalili shi ne, bakin yanka ya yi ja, sauran jikin aksul kuwa da sanyi, sai ya zuƙe zafin da sauri, kamar an tsoma shi a ruwa. Bakin sai ya taurare, wani lokaci har da ƙananan tsaga. Maganin abin a bar rara, aƙalla rabin inci bayan awo, don a gurje daga baya. Kada a zuba ruwa a kan sabon yanka don ana sauri, a tura shi cikin busasshen toka ko yashi. Kuma a wanke giris da baƙin mai kafin a kunna wuta, kada hannu mai maiƙo ya taɓa bakin tukunyar oksijin, domin mai da oksijin in sun haɗu wuta suke kamawa.

Hanya Ta Uku: A Kashe Taurin A Maƙera

Wannan ta iyaye da kakanni ce, ba ta son komai sai gawayi da zugazugi da haƙuri. A sa wurin da za a yanka a wuta, ana juyawa har ya yi ja ko'ina, ciki da waje. Alamar ya kai, a kanga masa maganaɗisu. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. In ya daina, a ƙara masa wuta kaɗan, sa'an nan a binne shi cikin busasshen toka mai yawa ya kwana. Kada a tone don a leƙa. Da safe a gwada magagari. In ya ci, zarto ma zai ci, injin sassaƙa ma haka. In bai ci ba, ya huce da wuri ne, a sake.

Maƙeri kuma yana iya datse shi tun yana ja, da kurfi da babbar guduma, shi da yaransa, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Sai dai a sani, wurin da aka gasa ya rasa ƙarfinsa na masana'anta. Zai yi amalanke, zai yi dagi, amma ba zai koma jikin tarakta ba.

Abin Da Muke Hana Ku

Wasu sukan ɗan tsaga shi da faifai, su ɗora a kan dutse su yi ta dukansa da guduma don ya ɓalle. Cikin aksul da danƙo yake, ba ya ɓallewa da daɗi, fatar kuwa tsalle take yi kamar kwalba, ta shiga ido ko ƙafa. Wasu kuma sukan ƙara wa injin walda wuta su narke shi da sandar walda. Yanka ba ya kyau, bakin yana tsagewa. Haka nan aksul da aka yanke aka sake haɗawa da walda, ba a ɗumama shi kafin walda ba, ba a bar shi ya huce a hankali ba, yana nan kamar lafiyayye, ranar da aka yi wa amalanke lodin taki a kan hanyar gona ranar zai karye. Wanda ya sayar da irin wannan bai faɗa ba, ya ci amanar ciniki.

Lissafin Dillali

Ga awon da ya kamata kowa ya riƙe a ka. Aksul mai kaurin inci 2, kowace ƙafa ɗaya ta tsawonsa tana da nauyin kusan kilo 5. Mai kaurin inci 3, kusan kilo 11. Ka ga ƙarin inci ɗaya ya ninka nauyi fiye da biyu. Da wannan za ka iya ƙiyasta kaya tun ba a kai sikeli ba, ban da nauyin farantin.

Amma darajar aksul ba a nauyi kaɗai take ba. Mai lafiya, wanda haƙoransa da mazaunin boris ba su ci ba, kayan gyara ne, makaniken tarakta zai saye shi fiye da kuɗin kilo nesa ba kusa ba. Irin wannan kada a sa masa wuta ko faifai sai an nemi masu gyara an rasa. In ya tabbata yankawa za a yi, a tambayi mai saye wane gefe yake so. Mai amalanke yawanci gefen faranti yake nema, maƙeri kuwa tsakiyar sandar. Sau da yawa aksul ɗaya yana da masu saye biyu.

Kafin a ce sallama, a daidaita abu huɗu a gaban shaida: me za a yi da ƙarfen, da wace hanya za a yanka, nawa ne tsawon da za a bari har da rara, kuma wa zai biya ladan yanka da kuɗin faifai. Awo kuwa mai saye ne zai zana shi da hannunsa. Wanda aka yanke da rara ana rage shi, wanda ya gaza ba mai ƙara masa.

Iyakar darasinmu ke nan. Mai karatu ya karanta wa wanda ba ya karatu, musamman yaran shago da suke riƙe inji. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da hasara.