Salon Tunani da Hulɗar Ɗalibai a Karatun Injiniya ta Intanet

A 1988 Richard Felder da Linda Silverman suka fayyace yadda ɗaliban injiniya ke bambanta wajen fahimtar darasi. Akwai masu ganewa ta hanyar gwadawa da tattaunawa, akwai masu yin shiru su auna tukuna. Wasu suna bin lissafi daki-daki, wasu kuwa sai sun hango dukan tsarin kafin sassansa su shiga kansu.

A ajin intanet bambancin yakan fito fili. Idan darasin kai tsaye ne ta Zoom, masu saurin baki kan mamaye zance, a ɗauki mai nazari malalaci, alhali yana can yana sake lissafin nauyin da gada za ta ɗauka. Ya kamata malami ya tura tambayar kwana ɗaya kafin zama, ya buɗe wurin rubuta amsa a Moodle, kuma ya ba rubutun maki.

Rukunin aiki gara a gauraya shi: mai hangen tsari ya zana, mai bin daki-daki ya tantance ma'auni. Amma a riƙa musanya ayyukan, domin bincike bai tabbatar da cewa koyar da ɗalibi da salonsa kaɗai yana ƙara masa sakamako ba.