Mu San Gizagizai, Mu San Lokacin Shuka

Ƴan'uwa manoman Arewa, kowace shekara idan bazara ta yi nisa idonmu yana sama. Daga Dogondutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, maganar ɗaya ce: yaushe ruwan shuka zai sauka? Wanda ya yi gaggawa irinsa ya ƙone a ƙasa. Wanda ya makara damina ta ƙare hatsinsa bai nuna ba. Darasinmu na yau shi ne yadda za mu karanta sama kafin mu taɓa iri.

Iskoki biyu

Iskoki biyu ne suke mulkin shekararmu. Ta farko tana fitowa daga arewa maso gabas, daga hamada. Busasshiya ce, ita ke kawo hunturu da hazo. Ta biyu tana fitowa daga kudu maso yamma, daga teku, ɗauke da laima. Idan ta iso, sai mu ji gumi ya yawaita, gizagizai su fara haɗuwa. Tun da daga kudu take zuwa, ƙasar Tibiri takan riga Dogonkiriya da Sukukutan samun ruwa, kuma takan fi su yawansa. Daminarmu takan kama daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta.

Gizagizai iri huɗu

1. Sirara farare, can ƙololuwar sama, kamar gashin tsuntsu. Ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne. Ba su ba da ruwa.

2. Farare masu kama da tulin auduga, ƙasansu a shimfiɗe. Sukan fito da hantsi. Idan suka tsaya ƙanana, ranar ba ruwa. Idan suka yi ta tsawo bayan azahar, mu sa ido.

3. Hadari. Shi ne girgije mai baƙin gindi, wanda kansa yakan wuce kilomita 10 a sama, ya baje kamar uwar maƙera. A ƙasarmu yawanci daga gabas yake tasowa. Iska mai sanyi da jar ƙura suke yi masa jagora, sannan ruwa da tsawa. Wani lokaci ƙurar kaɗai ke isowa. Wannan shi ne holoƙo.

4. Masu ruwan toka da ke rufe sama baki ɗaya. Su ke kawo yayyafi mai daɗewa irin na marka, wanda yake ratsa ƙasa sosai.

Ba kowane ruwa ne na shuka ba

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Malaman gona suna ba da shawarar a jira ruwan da ya kai milimita 20. Mu tambayi mai kula da ma'aunin ruwa na garinmu. Inda babu ma'auni, mu tona ƙasa da hannu a wurare da yawa cikin gona. Idan laima ba ta wuce tsawon yatsa ba, mu dakata.

Ko ruwan ya isa, akwai sauran haɗari: fari na iya biyo baya, tsiro ya mutu. Saboda haka kada mu zuba irinmu duka a shukar farko. Mu ajiye wani don maimaici.

Mu saurari masana

A Yamai akwai hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, bayan babban farin 1973. Kafin kowace damina masana sukan taru su faɗi hasashensu: ko ruwa zai yi yawa ko kaɗan, ko zai fara da wuri ko a makare. Rediyo yana watsa wannan labari. Idan an ce damina za ta gajarta, mu nemi iri mai saurin nuna. Amma hasashe ba alkawari ba ne. Ana iya sheƙa ruwa a Kiyeshe, Dankasari ko ɗigo. Sai mu haɗa abin da muka ji da abin da muka gani.

Mu kare rayukanmu

Idan muka ga walƙiya, mu fara ƙirge. Daƙiƙa 3 kafin jin tsawa na nufin kilomita 1. Idan tazarar tana raguwa, hadari na matsowa. Mu bar gona, mu ajiye hauya, kada mu fake gindin itace. Mu hana yara da dabbobi shiga ƙorama, domin ruwan da ya sauka a kan duwatsu yakan gangaro Dallol Mawri farat ɗaya.

Tambayoyi

1. Daga ina iskar da ke kawo laima take fitowa?
2. Wane girgije ne ke kama da uwar maƙera?
3. Milimita nawa ake jira kafin shuka?

Mu tattauna amsoshin a ajinmu na yaƙi da jahilci. Allah ya ba mu damina mai albarka.