Shawarwari Ga Iyalan Da Ke Son Hawan Keke A Kurmin Lobau Na Biyena

Mu da muka tashi a gida, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana keke. Yaro zai faki idon babansa ya ja keken zuwa lungu, ya yi ta ligidi yana faɗuwa yana tashi har ya iya. Yaranmu da ke tasowa a Biyena, babban birnin Ostiriya, ba su da wannan lungun. Suna can bene hawa na uku ko na huɗu, ƙofar gida titi ne da motoci, waya kuma tana hannu. Abin yana damuna matuƙa, musamman da yake a gefen birnin nan akwai kurmi guda wanda yaro zai yi awa biyu a kan keke bai ji hon ɗin mota ba.

Sunansa Lobau, mafi yawansa a gunduma ta 22 ta birnin, a bakin kogin Danube. Faɗinsa ya kai wajen hekta 2,300, kuma yanki ne na babban gandun ƙasa da ake kira Donau-Auen, wanda ya miƙa daga Biyena har kusa da Bratislava. Hanyoyinsa yawanci burji ne da tsakuwa, suna ratsa tafkuna da tsofaffin hannuwan kogi. Ga abin da na koya daga kai iyalina can.

1. Ku fara da tsibiri kafin kurmi. Donauinsel tsibiri ne siriri mai tsawon kilomita 21, wanda aka gina tsakanin 1972 da 1988 don kare birnin daga ambaliya. An hana motocin jama'a shiga, hanyarsa kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Idan yaro bai gama ƙwarewa ba, ko uwargida ta daɗe rabonta da keke, a yi fita biyu ko uku a nan tukuna. Daga ɓangaren kudu ana ƙetarawa ta gadar Steinspornbrücke zuwa bakin Lobau. Sai dai tsakanin gadar da kurmin akwai titin da motoci ke bi, har da manya. A nan kowa ya sauka, a tura kekuna a tsallaka tare.

2. Kada tsadar keke ta hana ku fita. A shaguna za a nuna muku keken burji na musamman, mai lanƙwasasshen kai da kuɗi masu yawa. Yana da daɗin hawa, amma Lobau fili ne ba tudu, keken gida ma ya isa muddin tayarsa na da ɗan kauri, kamar milimita 35 zuwa sama, kuma birkinsa na ci. Siririyar tayar tsere ita ce ba ta jituwa da tsakuwa. Ku rage iskar taya kaɗan daga yadda kuke bugawa don kwalta. Tayar za ta fi kama ƙasa, girgiza kuma ta ragu. Daren kafin ranar fita, maigida ya duba birki, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya daidaita sirdi da tsawon kowa. A jaka a sa famfo, kayan faci da tif guda sabo, domin cikin kurmin nan babu mai faci a gindin bishiya.

3. Ku koya wa yaro birki a kan tsakuwa tun a bakin hanya. Wannan ita ce shawarar da na fi so ku riƙe, don na ga abin da idona. Ɗiyata tana da shekara takwas, ta iya keke sarai a kwalta. Muna shiga wata kwana sai ta hango mutum gabanta, ta damƙe birkin gaba da ƙarfi. Tayar ta zame, ta kifa ta gefe, tafin hannunta ya cika da ƙananan tsakuwa. Muka zauna a kan wani kututture mahaifiyarta tana tsince su ɗaya bayan ɗaya tana wanke wurin da ruwan gora, yarinya tana kuka tana cewa ta daina keke har abada. Sai da aka yi makonni ana lallashi kafin ta sake hawa.

Tun daga ranar, kafin mu shiga sai kowane yaro ya gwada tsayawa sau biyar a kan tsakuwa. Ƙa'idar ba ta da wuya: a rage gudu kafin a isa kwana, a matsa birki biyu a hankali, na baya ya ɗan rigayi na gaba, kada a finciki kan keke. Inda tsakuwa ta yi tudu, a riƙe kan keken sakwa-sakwa a ci gaba da taka feda, ido yana can gaba. Hular kwano dole ce ga duk yaron da bai kai shekara 12 ba, haka dokar ƙasar ta ce. Manya ma su saka, don yaro abin da ya gani yake kwaikwayo. Safar hannu ta keke ba ta da tsada, da ita ce a hannun ɗiyata da raunin bai kai haka ba.

4. A kula da doguwar riga da mayafi. Sarƙa da sufok ba sa barin ƙyallen da ke lilo. Uwargida da 'yan mata su sa wando mai ɗan faɗi a ƙarƙashin riga mai tsayawa wajen gwiwa, a cusa bakin hijabi cikin riga. Ɗankwali marar kauri yana zama lafiya lau a ƙarƙashin hular kwano.

5. Kaska ita ce babbar barazanar kurmin. A gida mun san kaska a jikin shanu da karnuka, ba mu ɗauke ta abin tsoro ga mutum ba. Ta nan ƙanƙanuwa ce, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, amma tana ɗauke da cututtuka biyu. Ɗaya tana kumbura ƙwaƙwalwa, likitoci a nan suna kiranta FSME, ba ta da magani sai dai allurar rigakafi, wadda hukumomin lafiya na Ostiriya ke shawartar kowa ya yi, yara da manya. Ɗayar ita ce borreliose, wadda ba ta da rigakafi amma tana jin magani idan an gano ta da wuri. Don Allah a je wurin likita a yi allurar kafin bazara ta kama.

Da an dawo gida a tuɓe yara a duba su a wuri mai haske: bayan gwiwa, hamata, cibiya, bayan kunne, tsakanin kitso. A fatarmu baƙa ido yana iya tsallake ta, saboda haka a riƙa shafawa da hannu. In an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a zare a hankali. Kada a zuba mata mai ko kananzir, kada a ƙona ta. In bayan kwanaki wurin ya yi wani da'ira da ke faɗaɗa, ko zazzaɓi ya taso, sai asibiti. Sauro kuwa, bayan ruwa ya cika ya janye, yakan yi yawan da tsayawa shan ruwa ma sai a hankali, don haka maganin shafawa kada ya bar jaka.

6. Ku san inda za ku bi da yara lokacin zafi. Wannan magana ce da ban ji wani ya faɗa mini ba sai da na gani. Akwai wuraren da aka san su da masu wanka da shan rana tsirara, kamar tafkin Dechantlacke da wasu sassan tsibirin. Alamarsu haruffa uku ne, FKK, a kan allo ko a rubuce a ƙasa. Al'adarsu ce kuma doka ta ba su dama, ba a tsaya kallo ko ɗaukar hoto. Mu dai namu mu duba taswira tun daga gida mu zaɓi wata hanyar. Gidan baƙi na gandun da ke titin Dechantweg yana da taswirori, ma'aikatan kuma suna ba da amsa in an tambaya.

7. Guzuri daga gida. Ranar Lahadi kusan duk shaguna a rufe suke a Ostiriya, saboda haka a yi sayayya ranar Asabar. Ruwan famfon Biyena daga duwatsu yake zuwa, a cika goruna da shi. Dabino, gyaɗa, ayaba da burodi sun isa. Hura wuta haramun ne a cikin gandun. Mai son gashi ya nemi wuraren da aka ware a tsibirin. A tafi da ƙaramar darduma don sallah, ko a tsara fitar ta biyo ta Babban Masallacin Biyena da aka buɗe a 1979, wanda ke dab da bakin ruwa a arewa maso yammacin Lobau.

8. A duba lokaci da yanayi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ɗaukar keke kyauta, amma a ranakun aiki sai daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na rana, da kuma bayan 6:30 na yamma. Asabar da Lahadi kowane lokaci. Bas ba ya ɗauka. A watan Yuni rana tana kaiwa kusan ƙarfe 9 kafin ta faɗi, a Disamba kuwa ƙarfe 4 duhu ya fara, don haka fitila gaba da baya. Ranar iska mai ƙarfi a haƙura, domin wata cuta ta kama itatuwa da yawa a kurmin, rassa suna faɗowa ba zato. Inda aka rufe hanya saboda haka ko saboda ambaliya, a juya. Lambar motar asibiti 144 ce, a koya wa yara su haddace.

9. A tsaya kan hanyoyin da aka yi wa alamar keke. Ba kowace hanya ce ta masu keke ba, kuma mai tafiya a ƙasa shi ke da gaba: a kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, a rage gudu, a gaishe shi. Akwai dalilin wannan tsanani. A watan Disamba na 1984 gwamnati ta fara sare kurmin da ke kusa da Hainburg don gina madatsar ruwa ta lantarki. Dubban mutane, ɗalibai da dattawa, suka je suka kwana cikin sanyin hunturu a gindin itatuwa, 'yan sanda suka yi musu duka, ba su tashi ba har aka dakatar da aikin. A 1996 aka mayar da wurin gandun ƙasa. Kunkurun ruwa da ke shan hantsi a kan gungume, da ɗan tsuntsun nan shuɗi mai kamun kifi da yarana ke rige-rigen hangowa, albarkacin waɗancan mutanen muke ganinsu. Nakan ba yara wannan labari in mun zauna cin guzuri, sannan kowa ya tattara ledarsa ya sa a jaka.

Fitar farko kada ta wuce kilomita 10, a juyo tun yara suna marmari. 'Yan uwa mazauna Biyena, ku sauko da kekunan nan daga ɗakin ajiya, ku buga musu iska, ku kira maƙwabcin da yaransa ba su taɓa zuwa ba, Asabar mai zuwa ku tafi tare.