Darasin Wata: Gahawar Habasha, Daga Gona Zuwa Finjali

Duk wanda ya sauke farali daga Dutsin-Ma ko Kurfi ya san gahawa. Ita ce abin shan nan mai ɗaci da Larabawa ke zuba wa baƙo a ɗan finjali, su haɗa masa da dabino. Amma asalin itacenta ba na ƙasar Larabawa ba ne. A dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha, wajen yankin Kafa, yake fitowa da kansa. Daga can ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Yaman. Har yau babu ƙasar Afirka da ta kai Habasha noman gahawa, kuma kusan rabin abin da take nomawa mutanenta ne ke shanyewa.

Habashawa suna kiran ta buna, kuma ba a shan ta a tsaitsaye. Uwargida za ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turaren wuta, ta aika a kira maƙwabta. A gaban kowa za ta wanke ɗanyun 'ya'yan gahawar, ta soya su a kasko bisa garwashi. Idan suka yi duhu sai ta zagaya da kaskon, kowa ya shaƙi ƙamshin. Sannan ta daka a turmi, ta dafa a wani ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya da ake kira jebena. Sau uku ake zubawa. Na farko sunansa abol, na biyu tona, na uku baraka, wato albarka. Ana ci da gugguru ko soyayyen sha'ir. Zaman yakan wuce awa guda, kuma tashi kafin zubi na uku rashin ladabi ne. A nan ake jin labarin gari, a nan ake sulhu. Matsayin da goro ke da shi a wurin suna da ɗaurin aure a ƙasar Katsina, shi buna ke da shi a can, har ma fiye.

To, amma darajar da gahawa ke da ita a gida ba ta bin manomi zuwa kasuwa. Yawancin manomanta ƙananan gonaki gare su, kuma itacen sai ya shekara 3 ko 4 kafin ya fara 'ya'ya. A shekarar 1989 yarjejeniyar ƙasashe da ke tsare farashin gahawa ta wargaje. Zuwa 2001 laba ɗaya, wato abin da bai kai rabin kilo ba, ta faɗi ƙasa da rabin dalar Amurka a kasuwar duniya. Abin da ke isa hannun manomi bayan dillalai sun cire nasu bai ko kai haka ba. A wajen Harar wasu suka tumɓuke itatuwansu, suka shuka ganyen maye da ake kira cat.

Wasu kuwa haɗa kai suka yi. A 1999 ƙungiyoyin gama-kai 34 na yankin Oromiya suka kafa babbar ƙungiya guda, Tadesse Meskela ya zama manajanta. Suka nemi izinin sayar wa ƙasashen waje kai tsaye, ba ta hannun 'yan baranda ba. Suka kuma shiga tsarin Fairtrade, wato cinikin adalci. A wannan tsari akwai farashin da mai saye ba zai yi ƙasa da shi ba, ko da kasuwa ta faɗi. Akwai kuma ɗan ƙari a kan kowace laba, wanda ba ya shiga aljihun kowa. 'Yan ƙungiya ne ke zama su yanke abin da za a yi da shi. Da irin wannan kuɗi aka gina makarantu, da ɗakunan shan magani, da wuraren samun ruwan sha a ƙauyuka da dama.

Tsarin yana da nasa gyara. Samun shaidar na cin kuɗi, kuma ba dukan gahawar ƙungiya ake saye da wannan farashi ba. Wani bincike na masanan Jami'ar Landan da ya fito a 2014 ya nuna 'yan ƙwadagon da ake ɗauka tsinkar gahawa ba su amfana kamar masu gonakin ba.

Manomin rani da ke kusa da madatsar ruwa ta Zobe bai buƙatar a yi masa bayanin faɗuwar kasuwa. Ya san ranar da tumatir ya cika kasuwa, dillali ya taya kwando yadda ya ga dama. Bambancin shi ne gahawa tana ajiyuwa, tumatir kuwa sai an yanka an shanya. Abin da ya taimaki manoman Oromiya shi ne tara kaya wuri ɗaya, da awo a kan sikeli a gaban mai kaya, da littafin da ake rubuta sunan kowa da nauyin abin da ya kawo. Wanda ya iya karatu da lissafi shi ke iya duba littafin nan da idonsa.

Aikin aji: Ɗalibai su rubuta sunayen zubi uku na buna. Sannan su lissafa hannaye nawa buhun gyaɗa ko kwandon tumatir ke bi daga gonar ƙauyensu kafin ya isa wurin mai ci.